Kalma Ɗaya Ta Fitar Da Ita Daga Aji

 Yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba. Na ɗan ajiye rubutun littafi gefe guda, saboda akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na ga in ban amayar da ita ba, ba zan samu sukuni ba.

Duk wanda ya taɓa fita da sassafe a birnin Sakkwato, misalin ƙarfe bakwai da rabi, ya bi ta Mabera ko Runjin Sambo ko Gawon Nama, zai ga abin da ke faranta rai. Yara ne tuli cikin kayan makaranta, 'yan mata sanye da hijabai, wasu a ƙasa suna sauri, wasu an jera su a bayan kabu-kabu, kowa na gudun kada a rufe ƙofa ya sha bulalar latti. Ni kuwa idan na gan su, idona ba ya sauka sai a kan 'yan ƙananan nan, 'yan shekara goma sha biyu zuwa sha huɗu, 'yan ƙaramar sakandare. Sai in riƙa tambayar kaina: a cikin waɗannan, su wa za su kai ƙarshe, su wa kuma za a nema a rasa kafin aji uku?

Ni da ƙawata

Ina da wata ƙawa da zan sakaya sunanta. Unguwarmu ɗaya, Islamiyyarmu ɗaya, kuma rana ɗaya aka kai mu aji ɗaya na sakandaren jeka-ka-dawo. Benci ɗaya muke zama, can baya kusa da taga, domin ajin ya cika maƙil har wasu a ƙasa suke zama. Ita wannan ƙawa tawa, idan an tashi daga makaranta, tallan awara take yi wa Innarta. Wallahi 'yar uwa, in kika ga yarinyar nan tana ba da canji sai kin riƙe baki. Mutum uku za su miƙo mata kuɗi lokaci guda, wannan ya ce na hamsin, wancan ya ce na ɗari da ashirin, kafin ki ƙifta ido ta sallami kowa, ko sisi ba ta taɓa ɓatarwa.

Amma da zarar an buga ƙararrawar lissafi, sai ta koma kamar an ɗaure mata harshe. Malamin zai cika allo da Turanci, ya juyo ya ce an gane? Mu amsa da ƙarfi mu ce e, alhali ko rabin abin ba mu kama ba. Wata rana, muna aji biyu, ya raba mana takardun gwaji, yana kiran suna yana faɗin makin kowa a fili. Da ya zo kanta sai ya ɗaga takardar sama, ya nuna wa aji ƙaton sifirin da ya zana da jan biro, ya ce, "Ke dai daƙiƙiya ce. Ki koma wurin tallanki, nan ɓata wa iyayenki sabulun wanki kike yi."

Aji ya kwashe da dariya. Allah ya yafe mini, ni ma na yi murmushi, don ina tsoron kada ya juyo kaina, ga nawa makin bai fi nata da komai ba. Ba ta yi kuka ba. Ta ninke takardar ta cusa cikin hijabi. Tun daga ranar yara suka laƙaba mata sunan, ta fara fashin rana ɗaya a mako, ya koma biyu, kafin ƙarshen zango na biyu babu ita babu dalilinta. Ba wanda ya bi sawunta daga makaranta. A gida kuma aka ce ai dama ba ta da kan boko, tunda ga abin da malaminta ya faɗa. Ba a yi shekara biyu ba aka ɗaura mata aure.

Me ya sa waɗannan shekaru uku?

Iyayenmu da suka yi makaranta a da, fom ɗaya zuwa fom biyar suka sani. A farkon shekarun 1980 ne aka fara aiki da tsarin nan na 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. Sannan ga wani abin alfahari da ba kowa ya sani ba: a nan Sakkwato ne Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE, ranar 30 ga Satumba, 1999. Dokar da ta biyo baya a 2004 ta ce shekara tara na farko, tun daga aji ɗaya na firamare har aji uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro. A ƙarshensu ake zana jarrabawar nan da muke kira jiniya wayek.

To amma abin da doka ta rubuta daban, abin da yarinya ke ji a zuciyarta daban. A firamare ta saba da malami ɗaya ko biyu da suka san sunanta, suka san gidansu. Tana shiga sakandare sai ta tarar kowane darasi da malaminsa: Turanci, lissafi, kimiyya, zamantakewa, noma, tattalin gida, Hausa, Larabci, addini. Wannan ya fita wancan ya shigo, wani har shekara ta ƙare bai riƙe sunanta ba. Ga littattafai duk da Turanci, ita kuwa Turancin nata bai wuce gaisuwa ba. Ga zafin Sakkwato na watan Afrilu da Mayu, wanda ke haura digiri 40, ga kwanon rufi yana turiri, wataƙila kuma da ɗan kunu kawai ta fito daga gida.

A daidai wannan lokacin ne kuma jikinta ke canjawa. Wata a cikin aji za ta fara ganin al'ada, ba wanda ya taɓa yi mata bayani, ga makarantar ba wurin kewayawa na kirki, sai ta gwammace ta zauna gida kwana huɗu ko biyar kowane wata. A lokacin ne samari ke fara tsayawa a ƙofar gida, gwaggonni su fara cewa yarinya ta isa. Namiji ma bai tsira ba, abokai na jansa zuwa gareji ko kasuwa inda zai ga kuɗi a hannu yau-yau. Saboda haka yaron ƙaramar sakandare kullum yana auna abu biyu a ransa: in zauna ko in tafi? Abin da ke riƙe shi a benci shi ne ya ji cewa gobensa za ta fi yau kyau idan ya daure. Ranar da wannan fata ya mutu, ko da bulala aka kawo shi, gangar jikinsa ce kawai a aji.

Malamar da ta tsaya a kaina

Ni ma saura ƙiris in bi ƙawata. Abin da ya cece ni, cikin ikon Allah, shi ne a aji uku aka canja mana malamin lissafi, aka kawo wata malama mai sanyin murya. Ranar farko ba ta taɓa alli ba. Ta tsaya ta ce, "Su wa ke talla a cikinku?" Muka yi tsit, kunya ta kama mu. Ta ce, "Ku ɗaga hannu, ni ma na yi tallan ƙuli-ƙuli." Sai ga hannuwa sun tashi, yawanci daga benci na baya. Ta ce to, idan Inna ta sayi waken suya na naira 600, da mai na naira 300, aka soya awara aka sayar aka samu naira 1,200, nawa ce riba? Kafin ta rufe baki 'yan baya suka haɗa murya, ɗari uku! Ta yi dariya ta ce, "To wannan shi ne darasin da ke shafi na gaba a littafinku. Kun riga kun iya shi, sunansa na Turanci kawai zan koya muku."

'Yar uwa, sai na ji hawaye ya cika mini ido, don na tuna da wadda ta fi mu duka iya wannan lissafi, ga gurbinta nan kusa da ni wata ta zauna.

Malamar nan ba ta yabon ƙarya. In ka faɗi, ka faɗi. Amma ba ta taɓa karanta makin kowa a fili, kuma ba ta zana sifiri ta wuce. Na tuna wani gwaji da na samu uku cikin goma. Ta kira ni gefe bayan an tashi, ta buɗe takardar ta ce, "Ɗiyata, duba nan. Layi na farko daidai, na biyu daidai, na uku daidai. A na huɗu kika ɓace hanya. Wuri ɗaya ne ya rage miki, zo mu gyara shi." Tunda nake, ba wanda ya taɓa nuna mini cewa a cikin amsar da ta faɗi akwai abin da na yi daidai. A gwaji na gaba na samu biyar, ta ce mini biyar ta fi uku. Ban zama gwanar lissafi ba har na gama sakandare, amma na daina jin tsoronsa, kuma na daina ɗaukar kaina marar amfani. Ita ce kuma ta ga ina rubuce-rubuce a bayan littafina, maimakon ta tsawata mini sai ta kai ni wurin malamin Hausa ta ce ya riƙa duba mini. Littattafan da kuke karantawa yau, daga nan suka samo tushe.

Abin da na koya daga gare ta shi ne, fata nagari ba ya tsirowa da daɗin baki kawai. Sai an kama hannun yaro an nuna masa abu guda da ya iya, ya gani da idonsa, sannan a nuna masa mataki guda na gaba wanda ƙafarsa za ta iya kaiwa.

Har Turawa sun gwada

A shekarun 1960, wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Robert Rosenthal da wata shugabar makaranta mai suna Lenore Jacobson sun yi wani gwaji a wata firamare a jihar Kalifoniya ta Amurka. Suka ba malamai sunayen wasu yara, suka ce jarrabawa ta nuna waɗannan za su yi fice a bana. Alhali kuwa ƙuri'a kawai aka yi aka zaɓo sunayen, ba abin da ya bambanta su da sauran. Da shekara ta ƙare, sai aka ga yaran nan sun fi sauran ci gaba, musamman a ƙananan azuzuwa. Suka buga sakamakon a littafi a 1968. Daga baya wasu masana sun ce tasirin bai kai yadda aka zuzuta shi ba, amma an yarda cewa zaton da malami ke yi wa yaro yana canja yadda yake mu'amala da shi: wanda ake sa wa rai, an fi kiransa ya ba da amsa, an fi jiransa ya yi tunani, an fi yi masa gyara cikin natsuwa.

Mu nan mun saba cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Gaskiya ne a wasu wurare, amma don Allah a daina yanke wa ɗan shekara goma sha biyu hukunci da wannan karin magana. Sau da yawa mu ne muke ɓata Larabar da bakinmu, sannan Juma'a ta zo mu ce ai dama mun faɗa.

Gadonmu ne, ba aro ba

Mu Sakkwatawa ba mu da hujjar yin sakaci da wannan al'amari. A zamanin Turawa, makarantar da yaro ke shiga bayan elementare ita ake kira Midil, kuma kusan tsaran 'yan ƙaramar sakandaren yau ne ke cikinta. Midil ta Sakkwato ta ga manya. Sardauna Ahmadu Bello, da ya gama Kwalejin Katsina a 1931, a nan ya fara aikin koyarwa, har zuwa 1934 da aka naɗa shi hakimin Rabah. Waziri Junaidu ya koyar a cikinta. Shaihu Abubakar Mahmud Gumi da Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki duk sun zauna a bencinta.

Wanda labarinsa ya fi burge ni shi ne Alhaji Shehu Shagari. Yaro ne daga ƙauyen Shagari, ya yi elementare a Yabo, ya zo Midil ta Sakkwato, ya wuce Kwalejin Kaduna, sannan ya dawo Midil ɗin a matsayin malami. A shekarun 1940, yana aikin koyarwa, ya tsara Waƙar Nijeriya da Hausa, inda ya zuba labarin ƙasa da tarihin Nijeriya cikin baitoci don yara su rera su riƙe. Ku duba fa, malami ne ya ga darasi na yi wa yara nauyi, bai ce musu daƙiƙai ba, sai ya sauko da darasin cikin harshen da suke mafarki da shi. Wannan malamin makaranta shi ne ya zama shugaban ƙasa a 1979.

Kafin su duka kuma akwai uwarmu Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, kabarinta na nan Hubbare. Ita ce ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan naɗa mata jagorori da ake kira jaji, ta ba su malfa alamar girma, su riƙa kawo mata 'yan mata ƙanana da dattawan mata daga ƙauyuka, su koyi karatu su koma su koyar. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, domin kowace mace ta samu rabonta da harshen da take ji. Matar da ta yi wa 'yar ƙauye kyakkyawan zato tun kusan shekara ɗari biyu da suka wuce, ina dalilin da za mu ce wa jikokinta ba su da kai?

Gwamnati ma ta taɓa motsawa. A 2015 gwamnatin jihar Sakkwato ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, a 2023 kuma aka sa jihar cikin shirin AGILE mai tallafin Bankin Duniya, wanda aka tsara don 'yan mata 'yan sakandare. Gina aji da raba kujeru abu ne mai kyau, Allah ya ƙara. Sai dai kalmar da ke riƙe yarinya a kan kujerar ba ta buƙatar kasafin kuɗi, a bakinmu take.

To, me za mu yi?

Ke uwa, ko ba ki yi boko ba, kina da babban aiki. Idan ta dawo, kafin ki miƙa mata tsintsiya ko farantin talla, ki ce zo ki faɗa mini abu ɗaya da kika koyo yau. Ki saurare ta ko ba ki gane ba, domin yaron da ya bayyana darasi da bakinsa ya ƙara riƙe shi. Idan ta kawo sakamako ta zo ta arba'in, kada ki ce dubi 'yar maƙwabta. Ki duba na zangon baya, in ta ɗaga ko da mataki biyu ne, ki sa mata albarka. Ki yi mata bayanin al'ada tun kafin ta zo mata, ki tanadar mata abin da za ta yi amfani da shi, don kada kunya ta riƙa cinye mata kwanakin karatu. In talla ta zama dole, a tsara ta yadda ba za ta ci lokacin aji ba.

Kai uba, ka taka ƙafarka ka je makarantar ko sau ɗaya a zango. Malamin da ya san yarinya tana da mai bibiya ba ya wasa da ita. Kuma kalmarka ɗaya ta "na gode, kin yi ƙoƙari" ta fi mata sabon atamfa, ko da ba ta faɗa ba.

Ku malamai, mun san halin da kuke ciki, ga yawan yara, ga albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Allah ya saka muku. Amma magana zarar bunu ce. Ku riƙa zagayawa benci na baya, ku daina shelar maki a gaban aji, in Turanci ya toshe hanya ku buɗe ta da Hausa sannan ku koma. In yaro ya yi fashin kwana uku, ku aika a tambaya ko lafiya.

Ke kuma ƙanwata 'yar aji ɗaya ko aji biyu, in wannan mujalla ta faɗo hannunki, ki ji ni da kyau. Rashin gane darasi yau ba ya nufin ba za ki gane shi gobe ba. Ki tambaya ko za a yi miki dariya, ki nemi ƙawa wadda ta fi ki ku riƙa bita tare. Kada kuma ki sa baki a dariyar da ake yi wa wata, ni na yi, har yau ina jin ciwonsa. Sannu ba ta hana zuwa.

A watan jiya na shiga babbar kasuwa sayen kayan miya, sai na ji an kira sunana na yarinta. Ina juyowa sai ga ƙawata, da goyo a baya, ta zo sarin waken suya, don yanzu ita ke ba yara uku awara suna kai mata makarantu. Muka rungume juna. Ina tsaye ta lissafa kuɗin buhu da na dako da ragin da aka yi mata, kafin mai shagon ya gama danna wayarsa ta faɗa masa amsa. Sai ta ciro wata takarda daga jaka ta miƙo mini, ta ce, "Don Allah duba min wagga takarda, ta ɗiyata ce, ni kin san ban da kan boko."

Sakamakon 'yarta ne ta aji shida na firamare. Na karanta mata, na ce yarinya ta yi ƙoƙari, lissafinta ma ya fi komai kyau. Na ce mata, "Gado ta yi. Ke ce kika fi mu duka lissafi a ajinmu, ba a dai faɗa miki ba ne." Ta yi shiru tana kallona, sannan ta goge ido da gefen hijabi ta ce, "Baɗi za ta sakandare in Allah ya so. Abin da anka yi min, ba ni barin kowa shi yi mata."

Allah ya cika mata wannan buri, ya raya mana zuri'a, ya sa albarka a karatun 'ya'yanmu. Wadda ke da irin wannan labari, ko na malamin da ya ɗaga ta ko na kalmar da ta karya mata gwiwa, ta rubuto mana ta hannun edita. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Taku har kullum.